Tsanani ko Cin Zali? Kalmomin Turanci na Mugun Hali da Abin da Kowacce Ke Jawowa

Ranar 21 ga Afrilun 2023 Dominic Raab ya sauka daga muƙaminsa na mataimakin firaministan Birtaniya kuma ministan shari'a. Abin da ya kai shi ga haka shi ne rahoton wani bincike kan yadda yake mu'amala da ma'aikatan gwamnati da ke ƙarƙashinsa, binciken da firaminista Rishi Sunak ya ɗora wa babban lauya Adam Tolley a watan Nuwamban 2022. Kafafen yaɗa labarai suka ce an same shi da cin zali. Sai dai duk wanda ya zauna ya karanta rahoton zai ci karo da abin da zai ɗaure masa kai, domin mai binciken bai samu gamsasshiyar hujja cewa Raab ya daka wa wani tsawa ko ya ɗura masa ashar ba. To mutumin da bai yi tsawa ba, bai yi zagi ba, bai kai hannu ba, ta ina ya ci zalin?

Amsar tana cikin kalmomin da aka auna halinsa da su. Turanci na da ɗimbin kalmomi na bayyana kaushin hali, kuma a ofis da kotu da makaranta ba a ɗaukar su a matsayin abu ɗaya. Wata idan aka jingina wa mutum yabo ce. Wata ta ja masa gargaɗi, wata ta raba shi da aiki, wata kuma ta kai shi gaban alƙali. Mai sauraron labarai da Hausa yakan ji dukkansu an dunƙule su cikin “cin zarafi”, shi ya sa sau da yawa hukuncin da ya biyo baya yakan zo masa a baibai.

## Abin da rahoton Tolley ya ƙunsa

Ƙorafe-ƙorafe takwas aka shigar a hukumance, daga ma'aikatu uku da Raab ya riƙe: ta ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, ta harkokin waje da ta shari'a. Ba dukkansu aka tabbatar ba. A ma'aikatar harkokin waje, kan wani saɓani da ya taso lokacin tattaunawa game da yankin Jibralta, Tolley ya ce Raab ya nuna hali na “intimidating”, wato razanarwa, ya kuma fassara abin da yake nufi da cewa matsa wa mutum lamba ne da zafi, ba ƙaƙƙautawa, fiye da abin da hankali zai ɗauka, a cikin taron aiki. Ya ƙara da cewa akwai amfani da iko ta hanyar da ke karya gwiwar mutum ko ƙasƙantar da shi. A ma'aikatar shari'a kuwa ya gano cewa wani lokaci Raab yakan wuce gona da iri wajen kushe aiki, har ya kira aikin wasu “utterly useless” da “woeful”, ma'ana aikin banza ne tsantsa, abin takaici.

A nan ne Tolley ya raba kalmomi biyu masu kama da juna a kunne. Ya ce halin Raab a ma'aikatar shari'a “abrasive” ne amma ba “abusive” ba. Ta farko tana nufin kaushin mu'amala: mutum ya riƙa ƙona wa na kusa da shi rai, su ji an razana su ko an ci musu fuska, alhali shi bai ƙudurci hakan ba. Ta biyu tana nufin an zaɓi mutum an tasa shi gaba da gangan. Shi kansa Raab ya bayyana salonsa da cewa shi mai tambayar ƙwaƙƙwafi ne, mai faɗin magana kai tsaye, mai ƙarancin haƙuri, mai bin diddigin ƙananan abubuwa.

Tolley ya tsaya ga bayyana abin da ya faru, ya bar wa firaminista yanke hukunci ko an karya ƙa'idojin ɗa'ar ministoci. Amma Raab ya riga ya yi alkawarin zai sauka idan aka tabbatar da wani zargin cin zali a kansa, don haka ya sauka, yana mai cewa a takardarsa an sassauta ma'aunin cin zali har ya yi ƙasa ƙwarai, kuma hakan mummunan abin koyi ne ga gaba.

## Daga yabo zuwa zargi

Kafin a shiga muhawarar, yana da kyau a san yadda kalmomin suke hawa kamar matakan tsani.

A ƙasa akwai waɗanda ba aibu ba ne. “Firm” shi ne mai kaifi ɗaya, wanda idan ya ce a'a to a'a ce. “Strict” shi ne mai tsanani kan doka, irin malamin da ba a makara a ajinsa. “Demanding” shi ne shugaban da ke son aiki da yawa kuma mai kyau. “Stern” mai ɗaure fuska ne. Waɗannan su ne kalmomin da masu kare wani babba ke rugawa gare su da zarar an zarge shi, tare da “robust”, wadda ke nuna magana mai ƙarfi da ba ta tsoron kowa. Idan aka ji abokan minista suna cewa shi “demanding” ne, to suna ƙoƙarin riƙe shi a wannan mataki ne kada a hau da shi sama.

Daga nan sai kalmomin da suka shafi baki. “Blunt” mai faɗin gaskiya ne ba tare da shafa mata mai ba, kuma yana iya zama yabo ko suka. “Curt” da “brusque” suna nufin gajeriyar amsa mai sanyaya gwiwa, ta wanda ba shi da lokacinka. “Rude” rashin ladabi ne. “Harsh” kuwa tsanani ne da ya wuce laifin da aka yi, kuma ana faɗinta ga hukunci da magana har da yanayin sanyi ko zafi. Duk waɗannan suna bayyana yadda abu ya fito, ba su ce komai game da abin da ke zuciyar mai yin sa ba.

Mataki na gaba shi ne ke leƙa zuciya. “Spiteful” mai ƙeta ne, wanda ke cutarwa don ya ji daɗi ko don ya huce. “Vindictive” mai riƙo ne da ramuwar gayya. “Callous” mai busasshiyar zuciya ne: ba lallai ya nemi cutar da kai ba, amma wahalarka ba ta dame shi ba. “Ruthless” shi ne wanda ba sani ba sabo wajen cim ma burinsa, kuma a fagen kasuwanci da wasanni akan faɗe ta da sigar jinjina. “Cruel” mugunta ce, jawo wa wani azaba da sani, “brutal” kuma ta ƙara da rashin imani irin na dabba. Akwai kuma “mean”, wadda ke rikita ɗalibai: a Amurka galibi mugun hali take nufi, a Ingila kuwa sau da yawa rowa ce.

A can sama akwai kalmomi uku da suka bar fagen bayyana hali suka koma zargi mai hukunci a bayansa: “bullying” (cin zali), “harassment” (tsangwama) da “abuse” (cin zarafi). A kan waɗannan ne ake ta ja-in-ja.

## Niyya ko illa?

Tambayar da ke ƙarƙashin rigimar gaba ɗaya ita ce: me ke mai da tsanani ya zama cin zali? Niyyar wanda ya yi, ko raɗaɗin da wanda aka yi wa ya ji?

Ma'anar da ta daɗe tana yawo ta fito ne daga binciken makarantu. Dan Olweus, masanin halayyar ɗan Adam da ya yi aikinsa a Sweden da Norway tun shekarun 1970, ya kafa sharuɗɗa uku: a yi cutarwar da gangan, a riƙa maimaita ta, kuma a samu fin ƙarfi tsakanin mai yi da wanda ake yi wa. Da wannan ma'auni, faɗan yara biyu sa'o'in juna ba cin zali ba ne, haka ma baƙar magana ta rana ɗaya.

Wuraren aiki a Birtaniya sun bi wata hanya daban. Hukumar sasanta rikicin ma'aikata ta Acas tana ɗaukar cin zali a matsayin halin da ba a so, mai cin fuska, razanarwa, ƙeta ko zagi, ko kuma amfani da iko don ƙasƙantar da wani ko cutar da shi, kuma ta ce yana iya zama abin da ake maimaitawa ko na sau ɗaya. Sharaɗin maimaitawa ya faɗi ke nan. Sharaɗin niyya kuma ya faɗi ne a shari'ar da ta biyo bayan batun Priti Patel.

Patel ita ce ministar harkokin cikin gida lokacin da babban sakataren ma'aikatar, Sir Philip Rutnam, ya yi murabus a watan Fabrairun 2020 yana zarginta da muzguna wa ma'aikata. Mai ba firaminista shawara kan ɗa'ar ministoci, Sir Alex Allan, ya bincika ya ce an samu lokutan tsawa da ashar, kuma idan aka dubi yadda abin ya taɓa mutane za a iya kiransa cin zali, ko da ba da niyya ta yi ba. Firaminista Boris Johnson ya ce shi a ganinsa ba ta karya ƙa'ida ba, ya bar ta a kujerarta. Allan ne ya ajiye aiki, ranar 20 ga Nuwamban 2020. Daga baya gwamnati ta sasanta da Rutnam kan fam 340,000.

Ƙungiyar manyan ma'aikatan gwamnati ta FDA ta garzaya babbar kotu tana ƙalubalantar matakin Johnson. A watan Disamban 2021 kotu ta kori ƙarar, tana cewa firaministan bai yi wa kalmar gurguwar fahimta ba. Amma a cikin hukuncin ta tabbatar da abin da ƙungiyar ta fi buƙata: hali yana iya zama cin zali ko mai yin sa ya sani ko bai sani ba, ko ya yi niyya ko bai yi ba. Wannan ma'anar ce Tolley ya ɗauka ya auna Raab da ita. Shi ya sa samun mutum da kaushi ba tare da ƙeta ba bai wanke shi ba.

A gefe guda akwai batun John Bercow, kakakin majalisar wakilai daga 2009 zuwa 2019. A watan Maris na 2022 wani kwamiti mai zaman kansa ya tabbatar da zarge-zarge 21 a kansa, ya kira shi “serial bully”, wato wanda cin zali ya zame masa ɗabi'a, aka kuma hana shi katin shiga majalisa da tsofaffin 'yan majalisa ke samu. Kalmar da aka ƙara a gaba ita ce ta nuna maimaitawa, abin da ke nuna cewa kalmar cin zali ita kaɗai ba ta ƙunshi hakan ba a yanzu.

## Wadda doka ta sani da wadda ba ta sani ba

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, duk da wannan hayaniya, babu wata dokar majalisa a Birtaniya da ta fassara “bullying” a wurin aiki, kuma ba a kai ƙara kotun ma'aikata da sunanta ita kaɗai. Tana zaune ne a cikin ƙa'idojin kamfanoni da na makarantu da kundin ɗa'ar ministoci, inda aka shigar da ita ƙarara a 2018 zamanin firaminista Theresa May.

“Harassment” ce doka ta sani, kuma ta hanyoyi biyu. Dokar daidaito ta 2010, a sashe na 26, ta ce tsangwama ce idan aka yi wa mutum abin da ba ya so mai nasaba da launin fata ko ƙabila, addini, jinsi, shekaru, naƙasa da makamantansu, kuma abin ya kasance an yi shi don keta mutuncinsa, ko ya haifar da hakan, ko ya mai da wurin ya zama na fargaba, ƙiyayya ko ƙasƙanci. Dokar ta ambaci manufa ko sakamako, kowanne ya wadatar. Amma ta sa birki: alƙali zai dubi yadda mai ƙorafin ya ji, ya dubi yanayin da abin ya faru, sannan ya tambaya ko hankali zai yarda abin ya kai ya yi wannan illar. Ke nan faɗin “raina ya ɓaci” shi kaɗai bai isa ba.

Hanya ta biyu ita ce dokar kariya daga tsangwama ta 1997, wadda aka yi musamman saboda masu bibiyar mutane suna hana su sakat. Ita ba ta neman nasaba da ƙabila ko addini, amma tana neman a yi abin aƙalla sau biyu. A 2006, a ƙarar Majrowski, kotun ƙoli ta lokacin ta yarda a kama hukuma ko kamfani da laifin tsangwamar da wani ma'aikacinsu ya yi wa wani. Alƙali Lord Nicholls ya ja layi a wannan hukunci tsakanin halin da ba shi da kyan gani, ko ma bai dace ba, da halin danniya da ba za a lamunta ba. Ɓacin rai na yau da kullum, in ji shi, yana cikin zaman tare da mutane.

Sakamakon wannan tsari yana da nauyi. Ma'aikata biyu na iya shan muzgunawa iri ɗaya daga shugaba ɗaya. Wanda aka haɗa da gori kan asalinsa ko addininsa yana da ƙofar kotu a buɗe, wanda kuwa shugaban ke ƙi kawai don jininsu bai haɗu ba, hanyarsa ta fi tsawo da wuya.

“Abuse” ita ce mafi nauyi, kuma faɗinta ya ƙaru a 'yan shekarun nan. Sashe na 76 na dokar manyan laifuka ta 2015 ya mai da juya abokin zama da tursasa shi laifi a Ingila da Wales ko da ba a taɓa kai hannu ba, da hukuncin da ka iya kai ɗaurin shekara biyar. Dokar cin zarafi a gida ta 2021 ta lissafa har da danniya ta fuskar kuɗi da ta tunani.

## Hujjojin ɓangarorin biyu

Masu ra'ayin Raab suna cewa idan aka mai da raɗaɗin da mutum ya ji shi ne ma'auni, to shugaba ba zai ƙara iya cewa aiki ya lalace ba. Minista jama'a ce ta zaɓe shi, lokacinsa ƙayyadadde ne, kuma idan ma'aikatan dindindin za su iya kawar da shi ta hanyar haɗa ƙorafi, to iko ya koma hannun waɗanda ba a zaɓa ba. Raab ya yi zargin cewa akwai wasu tsirarun ma'aikata masu aƙidar siyasa da ke adawa da manufofinsa. Suna kuma cewa faɗaɗa kalma yana rage mata kaifi: idan kushe takarda da jifan mutum da kujera duk suna ɗaya, wanda aka yi wa na biyun shi aka zalunta.

Ɗaya ɓangaren, wanda ƙungiyar FDA da shugabanta Dave Penman ke ciki, suna cewa ba wanda ke iya shiga zuciyar wani ya ga niyya, don haka idan aka sa ta zama sharaɗi, duk mai iko zai ce “ban yi nufi ba” ya wuce. Suna kuma nuni da cewa ƙaramin ma'aikaci ba shi da bakin rama wa minista, kuma wannan fin ƙarfin shi ne ke mai da kalma mai zafi ta zama makami. Sannan ma'aikatar da ake tsoron shugabanta takan daina gaya masa gaskiya, wanda hakan cutarwa ce ga aikin kansa.

Idan aka auna, rahoton Tolley bai ba kowane ɓangare duk abin da yake so ba. Bai ce duk wanda ya ji haushi an ci zalinsa ba, domin ya bar zarge-zarge da dama ba tare da tabbatarwa ba. Ma'aunin da ya riƙe shi ne ko an wuce abin da ya wajaba ko ya dace. Kuma bai samu cewa masu ƙorafin ƙarya suka shirya ba. Inda hujjar Raab ke da ƙarfi shi ne tsarin kansa: a lokacin firaminista ne ke ba da izinin bincike, shi ne kuma ke yanke hukunci, abin da ya sa Patel, wadda aka samu da tsawa da ashar, ta tsira da kujerarta, Raab kuwa da ba a same shi da su ba ya rasa tasa. Ma'anar kalma ɗaya ce a duka biyun, siyasar lokacin ce ta bambanta.

## Zagi, cin fuska da dokar intanet ta Najeriya

Akwai kalma ɗaya da Birtaniya ta ja da baya a kanta, ita ce “insulting”. A 1971 Dennis Brutus, ɗan gwagwarmayar yaƙi da wariyar launin fata, ya shiga filin wasan tanis na Wimbledon ya katse wasan da wani ɗan Afirka ta Kudu ke bugawa, aka gurfanar da shi da laifin cin fuska. A 1972 kotun ƙoli ta wanke shi, ta ce kalmar ta yau da kullum ce, a bar ta da ma'anar da kowa ya sani, kuma ɓata wa 'yan kallo rai bai zama cin fuskarsu ba. Duk da haka sashe na 5 na dokar zaman lafiyar jama'a ta 1986 ya ci gaba da hukunta magana mai barazana, zagi ko cin fuska, har sai da ƙorafi ya yi yawa cewa ana kama mutane kan ra'ayi kawai. Aka cire “insulting” daga sashen, gyaran ya fara aiki a watan Fabrairun 2014, aka bar “threatening” da “abusive”.

Wannan ya shafi Najeriya kai tsaye, domin dokokinta da Turanci ake rubuta su, wasu ma daga na Birtaniya aka kwaso lafazinsu. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya hukunta saƙon da yake “grossly offensive”, ko na ƙarya da aka aika don jawo “annoyance”, “inconvenience”, “insult” ko “needless anxiety”, wato ɓacin rai, takura, cin fuska ko damuwa marar dalili, da tarar da ka iya kai naira miliyan 7 ko ɗaurin shekara uku. A lokacin da aka yi dokar, yawancin wannan lafazi yana cikin sashe na 127 na dokar sadarwa ta Birtaniya ta 2003. Matsalar ita ce an ɗauki kalmomin ƙasan tsani an ɗora musu hukuncin sama, ga shi kuma babu sukar da ba ta ɓata wa wanda aka soka rai. An yi amfani da sashen wajen kama 'yan jarida da masu rubutu a Facebook. Kotun ECOWAS ta yanke hukunci a 2020 cewa ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, kuma a watan Fabrairun 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan gyaran da ya taƙaita shi ga saƙon batsa da na ƙarya da aka aika don ta da hargitsi ko jefa rai cikin haɗari. Ƙungiyoyin kare 'yan jarida na cewa har yanzu lafazin na da faɗi kuma kamun bai tsaya ba.

Ta ɗaya fuskar kuma Najeriya ta karɓi faɗaɗar ma'anar cin zarafi. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wadda ta fara da Abuja kafin jihohi su yi nasu, ta hukunta cin zarafi na baki da na tunani. A watan Nuwamban 2022 ƙasar ta amince da yarjejeniya mai lamba 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda Birtaniya ma ta amince da ita a watan Maris na shekarar 2022. Yarjejeniyar ta ce abu na iya zama tsangwama ko sau ɗaya aka yi shi ko an maimaita, ko an nufi cutarwa ko kuwa cutarwar ce ta biyo baya.

## Yadda abin ke shafar mai neman na kansa

Wanda wannan bambanci ya fi taɓawa shi ne ma'aikacin jinya ko mai kula da tsofaffi ko ɗalibi da ya je Birtaniya daga Najeriya ko Gana da Turancin gida a bakinsa. A Turancin Najeriya idan mutum ya ce an yi “abusing” ɗinsa, yawanci zagi yake nufi. A asibiti ko gidan kula da tsofaffi na Ingila kuwa wannan kalma tana ta da batun duka ko lalata ko cutar da mai rauni, kuma furta ta kan abokin aiki na iya jawo bincike na hukuma da dakatarwa nan take. Haka “wicked”, wadda a gida ake faɗa wa malami mai tsanani, can tana nufin mugu na ƙarshe, a bakin matasa kuma wani lokaci yabo ce. Magana zarar bunu ce, kuma a takardar ƙorafi ta fi wuyar mayarwa.

Kuskuren yana faruwa ta ɗaya hannun ma. Wanda aka tarbiyyantar kan haƙuri da girmama na gaba yakan rage wa abin da ake yi masa nauyi, ya ce shugabarsa “strict” ce, alhali abin da yake bayyanawa shi ne ana kwaikwayon harshensa a gaban jama'a, ana tsokanarsa kan salla ko ɗankwali, ana tura shi aikin da kowa ke gudu shi kaɗai. Wannan a idon dokar 2010 ya shiga sahun tsangwama. Idan ya kira shi tsanani, ofishin kula da ma'aikata zai ɗauke shi a matsayin saɓanin hali tsakanin mutum biyu, a ba su haƙuri a sallame su. Masu bizar aikin kula da lafiya suna da ƙarin dalilin yin shiru, tunda zamansu a ƙasar yana rataye ne a wuyan ma'aikatar da ta ɗauki nauyinsu.

Abin da masu bincike ke aunawa shi ne aukuwa, kamar yadda aikin Tolley ya nuna: wace rana, a wane taro, me aka faɗa daidai, su wa ke wurin, sau nawa aka yi. Ƙorafin da ya ce “mugu ne” ba ya zuwa ko'ina. Wanda ya ce ranar kaza a gaban mutum huɗu an faɗi kalma kaza, shi ke ba mai bincike abin da zai ɗora ma'auni a kai. Kafin a shigar da ƙara a kotun ma'aikata dole a fara sanar da Acas don neman sulhu, kuma wa'adin shigar da ƙarar 'yan watanni ne daga ranar da abin ya faru, don haka jinkiri kan rufe ƙofar.

Shi ma wanda aka ba shugabanci a can yana da nasa lissafin. Ɗaga murya da yi wa na ƙasa faɗa a gaban abokan aikinsa, abin da a ofisoshi da yawa na gida ake ɗauka riƙon aiki ne, yana iya jawo masa takardar tuhuma, kuma cewa “gyara nake nufi” ba zai wadatar ba tun bayan hukuncin 2021. Ma'aunin bai hana shi cewa aiki bai yi ba, bai hana shi maido da takarda a sake ta ba. Abin da za a tambaye shi shi ne ko ya faɗi inda kuskuren yake da yadda za a gyara, ko kuwa ya tsaya ga kushe mutumin, kuma ko an taɓa jan hankalinsa a baya ya ci gaba.